Maciji a Kan Sanda: Yadda Nake Tantance Kayan Likitocin Sojan Jamus Daga Bauchi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina miƙa wa likitoci almakashi da hantsaki a ɗakin tiyata a nan Bauchi. A duk kayan aikinmu akwai wani tsohon hantsakin kama jijiya da kowa ke nema idan jini ya ɓalle, domin in ya kama ba ya saki. Kusa da mahaɗinsa akwai ɗan ƙaramin tambari: maciji ya nannaɗe sanda, ga kambin sarauta a bisa. Ranar da aka kawo sababbin kaya aka ware tsofaffi, na roƙa a bar mini shi, aka rubuta a littafi aka ba ni. Sai bayan na yi ritaya na bi diddigin tambarin, na tarar na kamfanin Aesculap ne da ke garin Tuttlingen a kudancin Jamus, wanda ya samo asali daga ɗan shagon da Gottfried Jetter ya buɗe a 1867. Hantsakin nan na asibitin farar hula ne, bai taɓa leƙa fagen fama ba. Amma shi ya ɗora ni a kan hanya, domin macijin nan da sandarsa su ne alamar likitan sojan Jamus tun zamanin sarkinsu Kaiza har yau.

Abin da na tara bai wuce akwatin ƙarfe biyu ba. Duk da haka matasa kan aiko mini da hotuna a waya suna tambaya, "Baba, wannan na gaske ne?" Amsar da nake fara ba su ita ce su rufe kunne ga labarin mai kaya har sai sun gama jin na kayan. Mai sayarwa zai ce maka rigar wani babban likita ce da ya mutu a Rasha. Rigar kuwa tana da nata bayanin a jikin zare, da hatimi, da lambobin da ke cikin shafinta, kuma shi ne ba ya sauyawa da farashi.

Ka fara daga gwanjo. Ba wasa nake ba. Daga watan Oktoba, idan 'yan gwanjo suka fara fasa dilolin kayan sanyi a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, ka sa ido kan riguna masu kauri, kore mai duhu, da 'yar tuta a damtse: baƙi a sama, ja a tsakiya, ruwan gwal a ƙasa. Yawancinsu na Bundeswehr ne, wato rundunar da Jamus ta Yamma ta kafa a 1955, wadda ita ce rundunar Jamus har yanzu. Ka juya rigar ka nemi farin ƙyallen da aka ɗinka a ciki. Idan ta gwamnati ce za ka ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 13, an raba ta huɗu, biyu, uku, huɗu. Alƙaluma biyun nan na rukuni na biyu su ne sunan ƙasa a tsarin ƙungiyar NATO: 12 Jamus ce, 14 Faransa, 99 Ingila, 00 ko 01 Amurka. Kusa da ita akwai wata da shekarar ɗinki, kamar 3/87, da sunan kamfanin da ya ɗinka. In har an rubuta adireshin kamfanin, dubi lambar gidan waya da ke gaban sunan garin. Mai alƙaluma huɗu ta tsakanin 1962 ne zuwa tsakiyar 1993. Daga 1 ga Yuli 1993 suka koma biyar. Wannan 'yar dabarar tana aiki a kan kwalin bandeji da takardar magani ma.

Rigar da ke da tuta amma babu doguwar lambar nan, ta 'yan kasuwa ce, an kwaikwaya don masu son ado. Wadda kuma ka ga an buga mata Heereseigentum a ciki, ta sojan Ostiriya ce. Mu mutanen Bauchi bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, tunda kamfanin Steyr da ya yi shekaru yana haɗa tarakta da manyan motoci a garin nan na Ostiriya ne, kuma da Jamusanci suke rubutu. Kama da wane ba ta wane.

Wani yaro mai dila a Wunti ya san abin da nake nema, in ya fasa sai ya kira ni: "Baba likita, an samu mai tuta, a ajiye maka?" Sau da yawa in na je rigar ce kawai, babu komai a kafaɗa. To riga ita kaɗai ba ta faɗin aikin mai ita. Abin da ke faɗi shi ne ƙyallen da ake zurawa a kafaɗa, mai ɗauke da anini. Na ma'aikatan lafiya yana da ɗan siririn zare shuɗi a gindinsa, na hafsoshinsu kuma yana da maciji. A Bundeswehr macijin kansa iri-iri ne: wanda ya zagaye sanda sau biyu na likita ne, sau ɗaya na likitan haƙori, wanda ke bisa ƙwarya na mai haɗa magani, wanda ba shi da sanda kuma na likitan dabbobi. Hularsu mai laushi shuɗiya ce mai ƙarfin launi, da tambarin ƙarfe na sanda da maciji cikin zoben ganye. Kada ka haɗa ta da shuɗiyar hula mai haske ta sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sojojinmu da suka je Labanan da Saliyo suka sani sarai. Idan kuwa ka ga macizai biyu da fukafukai a saman sanda, ka bar Jamus ka nufi Amurka.

Kafin mu yi nisa, maganar doka. Bauchi garin bariki ne, kuma a Nijeriya laifi ne farar hula ya sa kakin soja. Ni ba na sayen mai dabbare-dabbare ko kaɗan, ko da na Jamus ne, domin sojan da ya tare ka a shinge ba zai tsaya karanta ƙyallen ciki ba. Abin da na tara ma ba na sawa, ba na bai wa yara su sa don hoto. Shigo da kayan da suka shafi soja daga waje kuma yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka ka tambayi kwastan kafin ka biya kuɗi, ba bayan kaya sun iso ba. Ita ma alamar jan kuros a kan fari doka ta kare ta, tun daga yarjejeniyar Jeniba ta 1864 har dokar ƙasarmu ta 1960. Ajiye tsohon ƙyalle a akwati daban, ɗaura shi a hannu ka fita daban. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Idan ka ƙoshi da gwanjo, ido ya saba da ɗinkin Jamusawa, sai ka waiwayi tsofaffin kaya. A nan tambaya ta farko ita ce wane zamani, kuma tsuntsun da ke jikin hatimi ko maɓalli shi ke amsawa. Gaggafa mai kambi ta zamanin sarauta ce, wanda ya ƙare a 1918. Wadda ta riƙe alamar 'yan Nazi a ƙafa ta zamanin Hitila ce, har 1945. Gaggafa tsurarta, babu kambi babu komai, ko dai ta jamhuriyar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ko ta Jamus ta yanzu. Guduma da kamfas cikin zoben zangarniya na Jamus ta Gabas ne, wadda rundunarta ta rayu daga 1956 zuwa 1990, kuma kayanta kan zo da haruffan NVA a ciki.

Tambaya ta biyu launi. Jamusawa sun daɗe suna bai wa kowane sashe na soja launinsa, suna sa shi a bakin ƙyallen kafaɗa, da wuyan riga, da hula. Lafiya shuɗi ce. A zamanin Kaiza hafsan likita yana da karammiski shuɗi mai duhu da jan baki. A Yaƙin Duniya na Biyu na sojan ƙasa shuɗi ne mai haske irin na wani furen gonarsu, na sojan sama kuma mai duhu. Likitan dabbobi ba ya cikin shuɗi, nasa ja ne mai ratsin hoda, da maciji marar sanda. Ƙaramin ma'aikacin jinya a sojan ƙasa yana da ɗan zagayayyen ƙyalle a ƙasan hannun dama, rawayan maciji da sanda a kan kore mai duhu. Sunayen muƙaman hafsoshin likita ma suna da daɗin ganewa, domin duk suna ƙarewa da Arzt, wato likita: Stabsarzt daidai yake da kyaftin, Oberstabsarzt manjo, Oberstarzt kanar, Generalarzt janar. In ka samu hoto ko takarda mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu, ka ƙirga aninin kafaɗa ka ga ko sun yi daidai da abin da aka rubuta.

Rigar yaƙin Hitila ita aka fi aiko mini da hotonta, ita kuma aka fi yi wa jabu. Masu tara kaya suna kiran su da shekara. Ta 1936 tana da wuya kore mai duhu, aljihu huɗu masu ninki a tsakiya, maɓalli biyar. A 1940 wuyan ya koma launin jikin rigar. A 1941 maɓalli ya zama shida. A 1942 ninkin aljihu ya tafi, a 1943 murfin aljihun ya miƙe sak, a 1944 kuwa rigar ta gajarce zuwa ƙugu. Duk wannan labarin talauci ne: yaƙi na ci, ulu na ƙarewa, ana ƙara masa zaren itace, yadi na ƙara kaushi, maɓalli na sauka daga alminiyam zuwa tutiya da baƙin ƙarfe, na baƙin ƙarfen kuwa mayen ƙarfe zai nuna maka shi nan take. A shafin ciki akwai lambobin awo biyar, da harafin ma'ajiyar da ta karɓi rigar haɗe da shekara, kamar B 41 na Barlin ko M 42 na Munik. Daga wajajen 1943 aka daina buga sunan kamfani, aka koma wata lamba da ke farawa da RBNr, don kada jiragen abokan gaba su san masana'antar da za su nufa. Saboda haka rigar da ke da fasalin 1936 amma hatiminta RBNr ne, ko jakar da aka buga wa 1939 tare da wannan lamba, tana bin ka bashin bayani. Ka leƙa kuma gefen ƙasan rigar ta ciki, daga dama: akwai ɗan aljihun da kowane soja ke ajiye ƙunshin bandejinsa.

Abin da 'yan damfara suka fi yi ba ɗinka sabuwar riga ba ne. Sukan samu tsohuwar riga ta gaske, su cire ƙyallayenta, su ɗora na likita don farashi ya tashi. A nan tela ya fi malamin tarihi amfani. Ka kai masa, ko ka nuna masa hoton bayan ɗinkin da kyau. Zai ga ramukan tsohuwar allura, zai ga inda yadi bai koɗe ba saboda wani abu ya daɗe a kansa, zai ga sabon zare a kan tsohon yadi. Telana na unguwa bai san ko harafi ɗaya na Jamusanci ba, amma sau biyu yana ce mini, "Alhaji, wannan ɗinkin bai kai shekarun rigar ba," kuma duka biyun gaskiyarsa ne.

Ƙyallen damtse mai jan kuros shi ya fi komai sauƙin kwaikwayo, kuma a kansa aka cuce ni. Ƙa'idar Jeniba ta ce a ɗaura shi a hannun hagu, kuma sai hukumar soja ta buga masa hatimi kafin ya zama kariya ga mai shi. Don haka na gaske kan zo da zagayayyen hatimi, da gaggafa da sunan runduna. Wani mai sayarwa a intanet ya nuna mini guda, ya ce na 1916 ne, ga gaggafa mai kambi, ga yadi ya yi ja-ja-ja kamar ya sha shekara ɗari. Na yi cinikin biri a sama, na biya. Da ya iso na kai shi shagon wani mai canji, muka sa shi ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi. Sai ga shi yana walƙiya gaba ɗaya. Sinadarin da ke sa farin yadi da farar takarda su yi wannan haske sai wajajen 1950 ya yaɗu a masaƙu. Na ciro ɗan zare daga bakin ɗinkin na kusanta shi da ashana, ya narke ya dunƙule kamar leda. Auduga da zaren itace toka suke zama, ulu kuma ƙaurin gashi yake yi. Abin da ke narkewa roba ne, na bayan yaƙi. Da na buɗe ninkin gefe sai na ga har can ciki launin ɗaya ne da waje, alamar an tsoma shi a ruwan shayi. Tsufa na gaske ba ya shiga ko'ina daidai: inda rana da gumi suka taɓa ya fi duhu, cikin ninki ya fi fari. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don an yi ƙarya da alamar da mutane suka mutu suna ɗauke da ita.

Amma fitilar nan ba alƙali ba ce, shaida ce guda. Tsohon yadi na gaske in aka wanke shi da omo shi ma zai yi haske, sai dai nasa tsalli-tsalli ne. Shi ya sa duk abin da ya shigo hannunka, kada ka wanke. Akwai kuma wani farin ƙyalle marar kuros, an rubuta masa Hilfskrankenträger da baƙi. Na sojan da ba ma'aikacin lafiya ba ne, wanda akan ciro daga cikin 'yan'uwansa ya taya ɗaukar masu rauni in abin ya yi yawa.

Kayan da na fi ƙauna su ne ƙanana, na hannun ma'aikacin jinya, wataƙila don aikina ne. Yana ɗaura jakunkunan fata biyu a ɗamara, hagu da dama, kamar zabirar wanzami: ɗaya ta bandeji da almakashi, ɗaya ta ƙwayoyi da man shafawa, kuma a cikin murfin akan manna takardar jerin abin da ya kamata a samu. Sunan baduku da shekara suna bayan jakar, an danna su cikin fata. Gorar ruwansa ma ta fi ta sauran girma. Ta soja na cin kashi takwas cikin goma na lita, tasa lita guda cur, da maratayi na kafaɗa, domin ba don ƙishinsa aka ba shi ba. Sunanta Labeflasche. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai zubar da jini ya san abin da yake fara roƙo.

Sai takardar rauni, wadda ake ɗaura wa maɓallin rigar wanda aka harba. Tana da jan layi biyu a gefe, kowanne ana iya yage shi. In an bar biyun, kada a motsa shi. In saura ɗaya, a ɗauke shi a mota ko jirgin ƙasa. In babu ko ɗaya, zai iya takawa da ƙafarsa. A jikinta ake rubuta irin raunin, da allurar da aka yi masa, da lokacin da aka ɗaure jijiya. Ranar da ɗan ƙanena da ke karatu a Jamus ya aiko mini da guda wadda ba a cike ba, na daɗe ina juya ta. Abin da muke yi ke nan a ɗakin haɗari duk ranar da aka kwaso mutane daga hanyar Jos ko ta Gombe: wa za a fara, wa zai jira. In ka samu ƙunshin bandeji a rufe da shekararsa a jiki, kada ka buɗe don ganin ciki, gaz ne kawai irin wanda ka sani. In kuma jaka ta zo da kwalaben allura ko ƙwayoyi, kada ka ɗanɗana, kada ka ajiye. A cikin abin da aka raba wa sojojinsu akwai Pervitin na kamfanin Temmler, wanda ya fito a 1938, kuma sinadarinsa shi ne wanda hukumar NDLEA ke kama mutane a kansa yau. Fankon kwali ko gwangwani ya ishe ka.

Kayan tiyata kuwa a nan gida za ka fi samun su, wajen 'yan gwangwan da tsofaffin ma'aikatan asibitin mishan. Na kafin shekarun 1920 galibi baƙin ƙarfe ne da aka yi wa ruwan nikel, za ka ga yana ɓarewa a mahaɗi, tsatsa na leƙowa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kamfanin Krupp ya yi masa rajista a 1912, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya mamaye ɗakin tiyata. Shi ne ake rubuta wa Rostfrei. W. Germany na nufin kafin haɗewar ƙasar a 1990. Sai dai hantsakin Jamus ba ya zama na soja sai da shaida: hatimin BUND a jikinsa, wato alamar mallakar gwamnatin Jamus, ko akwatinsa na asali da jerin kaya a murfi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya bari, ko da kyauta aka ba shi: farantin wuya da aka tono daga ƙasa. Ɗan ƙarfe ne mai siffar ƙwai, da tsagi a tsakiya don a karya shi biyu. Idan soja ya faɗi, a karya rabi a kai ofis, a bar rabi a jikin gawa. Na Yaƙin Duniya na Biyu ba shi da suna, sai runduna da lamba, sau da yawa da harafin rukunin jini. Wanda aka tono cikakke, ba a karya ba, yana iya nufin ba a taɓa rubuta mutuwar mai shi ba. Ƙungiyarsu ta kula da kaburburan yaƙi, Volksbund, wadda aka kafa a 1919, har yau tana tono ƙasusuwa a Rasha da Folan tana sanar da dangi, kuma da farantin nan take gane ko wane ne. Wanda ya cire shi ya sayar ya bar gawa babu suna har abada. Mu da muke da gidaje a arewa maso gabas da har yanzu ba su san inda aka binne nasu ba, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Jamus ba ta yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Dikwa da Mubi da Madagali da tsaunin Mambila duk suna ƙarƙashin Kamarun Jamus kafin yaƙin 1914, kuma akwai Hausawa a cikin sojan da Jamusawa suka ɗauka. Daga Yola aka tashi aka faɗa wa Garwa da ke Kamaru, wadda ta faɗi a Yunin 1915, kuma Kyaftin Ernst von Raben na Jamus ya riƙe dutsen Mora har Fabrairun 1916. Saboda haka maɓalli mai kambin Kaiza ko kan ɗamara na iya fitowa daga adakar wani tsoho a Adamawa. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini irin wannan maɓalli har Bauchi, ya ce na likitan Jamus ne da ya yi wa kakansa magani. Maɓallin na gaske ne, amma irinsa kowane sojansu ke sawa, haka kuwa na gaya masa, na ce ya mayar gida ya rubuta labarin kakan ya haɗa su wuri ɗaya. A kayan mulkin mallaka launi ma yana iya yaudararka: jan baki a hula na Kamaru ne, fari na Afirka ta Gabas, shuɗi mai haske kuma na ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, ba na likita ba. Abin da ke cikin ƙasa a tsofaffin sansanoni kuwa ba na mai tono ba ne, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke da iko a kansa.

Duk abin da ke ɗauke da alamar 'yan Nazi ba ya shiga akwatina. Na koyi gane shi don kada a cuci masu tambayata, amma ba na saye. A Jamus kanta doka ta hana baje wannan alama a fili. Kada shuɗin launi ya sa ka zaci hannun likitocin zamanin nan a wanke yake. Wanda ya riƙe ragamar ƙungiyar Red Cross ta Jamus daga 1937, Ernst-Robert Grawitz, shi ne babban likitan SS, rundunar jam'iyyar Nazi. A shari'ar likitoci da aka fara a Nuremberg a Disambar 1946 an gurfanar da mutum 23 kan gwaje-gwajen da aka yi a jikin fursunoni, aka yanke wa bakwai hukuncin kisa, shugaban sashen lafiya na sojan Jamus gaba ɗaya, Siegfried Handloser, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Daga hukuncin nan na 1947 aka fitar da ƙa'idar cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Duk lokacin da na miƙa wa majinyaci takarda ya sa hannu kafin a shiga da shi tiyata, ina taɓa wani reshe na wannan tarihi. Ga kuma 'yan mazan jiyanmu da suka je Habasha da Bama a ɓangaren da ya yaƙi Hitila da ƙawayensa. Wasunsu na yi jinyarsu da hannuna.

Ajiya a Bauchi yaƙi ne da abokan gaba huɗu: asu, gara, ƙurar hunturu, da laimar Agusta. Akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo, nesa da bango. Ulu a naɗe shi cikin tsohon farin zanen auduga da aka ɗauraye da ruwa zalla, ba a leda ba, don leda na tara gumi. Kafur a ƙulle shi a tsumma a kusurwa, kada ya taɓa yadi. Kada ƙarfe ya kwana a kan ƙyalle, tsatsa ba ta fita. Fata takan bushe ta tsage da hunturu, amma kada ka yi mata wanka da man kaɗanya ko man gyaɗa, zai baƙanta ta ya cinye hatimin. Ka cusa takarda a cikin jakar ta riƙe siffarta, ka goge ƙura da busasshen burushi mai laushi. Sau biyu a shekara nake fitar da komai, farkon damina da ƙarshenta, in baje a inuwar zaure, ba a rana ba.

Kowane abu yana da lamba a ɗan kati da na ɗaura masa da zare, lambar kuma tana da shafi a littafi mai bangon kwali. A shafin ina rubuta ranar da ya zo, inda ya fito, abin da na biya, duk wani harafi da alƙalami da ke jikinsa kamar yadda yake, sannan gwajin da na yi masa. Labarin mai sayarwa yana can ƙasan shafi, da jan biro, don kada 'ya'yana su ɗauke shi a matsayin abin da na tabbatar. Jabun ƙyallen nan ma yana da shafinsa, lamba 17, kuma shi nake fara miƙa wa duk yaron da ya zo koyo, tare da ashana da fitilar mai canji, in ce ya gaya mini abin da ya gani.